Yadda na koya wa kaina ƙirar 'yan kunne da zobe, daga laccar da aka yi wa mata masu sana'ar hannu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana mata. Toh ni dai ba 'yar gidan maƙera bace, babanmu tela ne, shi yasa da na fara harkar nan dariya akai ta min, wai mace da guduma. Kun san a ƙasar Hausa ƙira gado ce, akwai maƙeran baƙi masu fartanya da lauje, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla, yaro yana tashi ne a gindin zuga-zugi yana kallon hannun ubansa. Ni ban samu wannan ba, waya ce malamata, YouTube nake kallo da daddare in yara sun yi bacci, data na ƙarewa karatu ya tsaya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, wadda ba ta da malami ba mai buge mata hannu in ta yi kuskure, kayan aikinta ne zai hore ta, saboda haka ki fara da abin da in ya lalace ba zaki yi kuka ba. Ni da wayar wuta na fara wallahi, tsohuwar waya ta jan ƙarfe da masu wayarin suka yar, in fere robar in nannaɗe a jikin ƙusa in yanka ƙananan zobba, in haɗa sarƙa. Na fi wata uku ina yin wannan kaɗai kafin bakin zobban ya fara haɗuwa ba giɓi. Kuma a nan na gane in kina ta lanƙwasa jan ƙarfe yana yin tauri har ya karye, sai kin gasa shi a wuta ya yi ja kin tsoma a ruwa sannan ya dawo da laushi, baƙin da wuta ta bari kuma lemon tsami da gishiri na fitar da shi.

Da na ga hannuna ya ɗan faɗa sai zumuɗi ya ɗebe ni na sayi azurfa. Ranar farko na narkar da zobe guda ya dunƙule kamar ƙwallon goruba, don ban san wuta ba. Azurfa zalla tana narkewa a wajen digiri 960, kuma ba ta yin ja sosai ta gargaɗe ki kamar baƙin ƙarfe, kina ƙyafta ido ta zube. Lambar 925 ɗin nan da kuke gani a cikin zobe, ma'anarta a kashi 1000 kashi 925 azurfa ne, sauran yawanci jan ƙarfe ne don ta yi ƙwari. Haka zinare, mai 21 ya fi mai 18 yawan zinare, ki san wannan kafin kwastoma ta tambaye ki ki fara kame-kame.

In kuna son ganin aiki ku duba na maƙeran Agadas, su da kakin zuma suke fara siffanta abin, su lulluɓe da yumɓu su gasa kakin ya tsiyaye, sai su zuba narkakkiyar azurfa a gurbin. Ko 'yan Bida masu tagulla da duwatsun kwalba. Ni har yau in na shiga kasuwar Kurmi tsayawa nake ina jujjuya tsoffin kaya, in ga ta ina aka haɗa, mai shago har ya gaji dani.

Sai maganar maratayin ɗan kunne, kar ki yi arha a nan. Na taɓa sayen masu araha a leda, wata amarya ta sa kwana biyu kunnenta ya kumbura yana ruwa, ashe akwai sinadarin nikel a ciki wanda jikin mutane da yawa ba ya so. Kuɗinta na mayar mata har da ban haƙuri.

Hajiya ta can baya naga kin ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah, a miƙa mata makirfon.