Kafin Ka Sayar da Tsohon Gilashin Kyamararka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoto na Kumasi, daga Aboabo, Asawase har Sabon Zongo, da masu kallonmu daga Nima da sauran zanguna. Tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu: na tara kuɗi zan koma kyamara marar madubi, to gilasan da ke jakata fa? In sayar in haɗa kuɗin sababbi, ko in riƙe? Ni dai amsata ita ce ka riƙe abinka. Zan faɗi dalili, zan kuma nuna wuraren da sabon gilashi ya fi tsohon ba gardama.

[A nuna kyamara an cire mata gilashi, madubinta a fili]

Ga madubin da ake magana. Yana zaune a karkace tsakanin gilashi da sensa, wato farantin da ke kama hoto, yana tura haske sama zuwa inda kake leƙawa. Da ka danna, sai ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, ya sauko. Tun da sai ya samu wurin ɗagawa, dole aka bar tazara mai yawa tsakanin bakin kyamara, inda ake ɗaura gilashi, da sensa. A Canon EF, wanda ya fito a 1987, tazarar milimita 44 ce. A Nikon F, wanda ke nan tun 1959, milimita 46.5 ce. A 2018 kamfanonin biyu suka fito da sabon baki marar madubi: Canon RF mai milimita 20, Nikon Z mai milimita 16. Sony ta riga su, bakinta na E milimita 18 ne, kuma tun 2013 ta fitar da a7 mai babban sensa.

To ka cire 20 daga 44, saura 24. Wannan milimita 24 ɗin shi ne duk aikin adaftar Canon, wato mahaɗin da ke ɗora tsohon gilashin EF a sabon bakin RF. Bututu ne da babu komai a cikinsa sai 'yan maɗaukan wuta da ke isar da saƙo tsakanin bodi, wato jikin kyamara, da gilashi. Leƙa ka gani, ko ƙwayar gilashi ɗaya babu a ciki. Saboda haka maganar da ake yi wai adafta na rage kyan hoto ba ta shafi wannan ba. Tana da asali dai: tsofaffin gilasan Canon FD tazararsu milimita 42 ce, ƙasa da ta EF, don haka adaftar da ke haɗa su da bodin EF sai an saka mata ƙarin gilashi, shi ne ke ɓata hoto. Wancan zamani daban ne. Amma hanyar ɗaya ce, tsohon gilashi na hawa sabon bodi, sabon gilashi ba ya hawa tsohon bodi. Wanda ya sayi gilashin RF, tsohuwar kyamararsa mai madubi, irin 5D, ba za ta amfana da shi ba.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan bidiyo. Yawanci tsohon gilashinka zai yi aiki a sabon bodi fiye da yadda ya taɓa yi a tsohon. Kyamara mai madubi ba a kan sensar hoto take auna fokas ba. Tana da wata ƙaramar na'ura a ƙasan bodi, wani ƙaramin madubi na biyu ne ke kai mata haske. In saitin waɗannan ya goce ko da kaɗan ne, kyamara za ta ce maka fokas ya zauna, ka koma gida ka buɗe hoton amarya a kwamfuta, ka ga ɗan kunnenta ne ya fito tar, idonta ya dushe. Duk wanda ya yi aikin aure da gilashi a buɗe f/1.8 ko f/1.4 ya san wannan baƙin ciki, kuma sau da yawa gilashi ake ɗora wa laifi. Marar madubi kuwa a kan sensar hoton kanta take auna fokas, babu wani saiti na biyu da zai goce. Ga shi tana gane idon mutum ta bi shi. EF 85mm f/1.2L II na 2006, wanda aka san shi da wuyar sha'ani, a sabon bodi yana kama ido fiye da da, ko da yake nawarsa wajen juyawa tana nan.

Ƙari a kan haka, wasu sababbin bodi sensarsu na motsi don ta kashe rawar hannu. R5 da R6 na Canon suna da wannan, haka Z6 da Z7 na Nikon. EOS R, RP da R8 na Canon ba su da shi, a kula kafin a saya. Ka ɗauki EF 135mm f/2L, gilashin 1996 da ba shi da maganin rawar hannu ko kaɗan, ka ɗora shi a R6, sai ka iya ɗaukar hoton mauludi bayan magariba da hannu. Wannan gilashi ina ƙaunarsa ƙwarai. Yana raba mutum da bayansa cikin laushi, fata ta fito da kyanta. RF 135mm f/1.8L da aka sanar a 2022 ya fi shi kaifi, wannan gaskiya ne. Amma ka tambayi kanka, a hoton fuska, kaifin nan wa ya nema? Mai hoton zai kwana yana goge ƙurajen da gilashin ya tono, hoton kuma a WhatsApp da Instagram za a kalle shi, ko a wanke shi a saka a alban. Da tsohuwar zuma ake magani, a hoton fuska dai na yarda da wannan.

Sai batun nauyi. An ce marar madubi ya fi sauƙin ɗauka. Bodin, e. Gilashin, ba kullum ba. Nikon 50mm f/1.8G giram 185 ne, magajinsa Z 50mm f/1.8 S giram 415. EF 50mm f/1.2L bai kai giram 600 ba, na RF giram 950 ne. An ƙara musu ƙwayoyin gilashi ne don hoto ya yi kaifi har gefe.

To ina sabon ya yi nasara?

Na farko, ranar Sallah a filin idi. Farar shadda, farin leshi, rana tsaka. Buɗe tsohon gilashi gaba ɗaya, ka duba bakin rigar, za ka ga wani zare mai launin shunayya ko kore yana bin gefenta. Sababbin gilasai sun rage wannan matuƙa, kuma in rana na bayan mutum ba sa wanke hoton kamar na da. Ana iya gyara wani sashe a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, amma ba duka ba.

Sai gilasai masu faɗi, na ɗaukar ɗaki ko taro. A nan ne cire madubi ya fi amfani, domin yanzu ƙwayar baya na iya matsowa dab da sensa. Nikon 14-24mm f/2.8 na 2007 ya kusa kilo ɗaya, na Z giram 650 ne. Ko a gilashi mai jawo nesa an samu sauƙi, 70-200mm f/2.8 na Canon, daga wajen giram 1,480 ya sauko zuwa 1,070. Wanda ke tsaye daga ɗaurin aure da safe har a kai amarya da dare, kafaɗarsa za ta shaida bambancin.

Bidiyo kuwa, a nan ba na jayayya. Yawancin ayyukan bikin suna da na aure yanzu da bidiyo ake haɗa su. Tsohon EF 50mm f/1.8 II injinsa na ƙara, makirfon kyamara na ɗauka, fokas ɗinsa kuma fizga yake yi. Sababbin injina shiru suke tafiya, a hankali. In bidiyo ne abincinka, sayi sabon gilashi ɗaya da za ka fi amfani da shi, sauran ka bar su a adafta.

Masu Nikon, ku saurara da kyau. Adaftarku ta FTZ ba ta da injin juya fokas. Gilasan AF-S da AF-P suna da nasu injin a ciki, suna aiki lafiya. Amma tsofaffin da bodi ke juya su da ɗan sukuru, irin 50mm f/1.8D da 135mm f/2 DC, a kan Z sai dai ka juya da hannu. Masu Canon kuma, gilashin EF-S, wanda aka yi wa kyamara mai ƙaramin sensa, zai hau bodin R mai babban sensa, amma kyamarar za ta yanke hoton, megafiksel 24 ya koma wajen 9. Ɗora gilashin Canon a Sony da adaftar wani kamfani yana yiwuwa, sai dai ka gwada da naka gilashin kafin ka karɓi aikin mutane.

Gaskiya guda da ba zan ɓoye ba: hankalin kamfanonin ya koma kan sabon baki, an daina ƙera da yawa daga cikin tsofaffin gilasai, kayan gyaransu kuma za su riƙa wuya. Amma wannan ƙaura ce ta sa masu hoto a Turai da Amurka ke zubar da nasu, suna shigo mana a matsayin na hannu da sauƙin kuɗi.

[A nuna hannu yana haska gilashi da fitilar waya]

In za ka sayi na hannu, a Adum ne ko a intanet, kada ka biya sai ka riƙe shi. Cire murfin gaba da na baya, ka haska fitilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba a karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Abin gudu shi ne farin zare mai rassa kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ce, tana cin shafen da ke kan gilashi, in ta daɗe ko an wanke tabonta ba ya fita. Duba ganyayen ƙofar haske kada su kasance da maiƙo. Sannan ka ɗora shi a bodinka ka ɗauki bango daga nesa kaɗan, ka duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa, alamar ya taɓa faɗuwa ke nan.

Kumasi gari ne mai laima, damina biyu muke yi a shekara, fumfuna kuma duhu da danshi take so. Kada gilashi ya yi makonni a cikin jakar fata a ƙarƙashin gado. Samu roba mai murfi da iska ba ta shiga, ka zuba ƙullin silika mai tsotse laima a ciki, ka riƙa busar da silikar in ta sha ruwa. Lokacin hunturu kuma ƙura ce matsalar, tun da yanzu babu madubi a gaban sensa. Kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, sannan ka canja gilashi, adaftar kuma ka bar ta a jikin bodi in duk gilasanka tsofaffi ne.