Ciwon jijiyar tsoka da abin da ke ran mai shi

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da warhaka.

Maganarmu ta yau a kan jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi ce: agara ta bayan dunduniya, ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, ta gefen gwiwar hannu, da waɗanda ke riƙe kafaɗa. In ɗayansu ta kama ciwo, wata da watanni ake fama. Abin da nake so mu duba shi ne, me ya sa za ka ga mutum biyu da ciwo iri ɗaya, wannan ya koma aikinsa cikin wata uku, wancan kuwa shekara ta zagayo yana ɗingishi?

Kada wani ya ce na ce ciwon ƙarya ne, ko raki ne. Duk wanda ya sauko daga gado da safe ya kasa taka dunduniya ya san ciwon gaske ne. Sai dai zafin da mutum ke ji da ɓarnar da hoto ke nunawa ba kullum suke tafiya tare ba. A 1995, a Amurka, wani mai bincike, Sher, da abokan aikinsa sun yi wa mutum 96 hoton MRI na kafaɗa, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki, dukkansu ba mai kukan ciwo. Kashi 34 cikin ɗari an ga yagewa a jijiyarsu, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa, kashi 54. Suna ɗaga hannu, suna harkarsu, ba su ma san da ita ba.

To, ita wannan jijiya me take so? Nauyi take so, a ɗora mata shi daidai gwargwado, a riƙa ƙarawa sannu a hankali. A 1998 wani likita a Suwidin, Alfredson, ya sa mutum 15 masu daɗaɗɗen ciwon agara wani atisaye. Mutum zai tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa, ya sauke dunduniya a hankali, sau 180 a rana, har mako 12. Aka ce musu ko da zafi su ci gaba, muddin bai yi tsanani ba. Duka 15 ɗin suka koma gudu. An gyaggyara tsarin daga baya, amma tushen bai canza ba.

Yanzu ku tsaya ku yi tunani a kan abin da ake nema a wurin mara lafiya. Wata uku, kullum, shi kaɗai a gida, yana taɓo daidai inda ke masa ciwo, kuma sauƙin ba ya bayyana a makon farko. Wa zai jure wannan? Sai wanda ya yarda abin zai yi amfani, ya kuma yarda zafin ba alamar tsinkewa ba ne. Ta wannan ƙofa abin da ke rai yake shiga cikin jinya.

Wasu masu bincike biyu, Vlaeyen da Linton, sun fayyace yadda tsoro ke aiki a 2000. Mutum ya ji zafi, sai ransa ya tafi can ƙarshe: shi ke nan, na nakasa, aikina ya tafi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai ya daina hawa bene, ya daina sauri, ya riƙa karkata jiki yana kāre ƙafar. Tsoka ta saki, jijiya ta rage juriya. Ran da dole ta sa ya yi ɗan gudu, zafin ya ninka, sai ya ce ai na faɗa. Tsoron ya ƙaru, motsin ya ƙara raguwa.

Akwai kuma kishiyar wannan, kuma ina ganin ba a ba ta haƙƙinta. Ɗan wasan da in bai fita fili ba ji yake ba shi da sauran amfani, ko mai aikin ƙarfi da in ya huta iyali ba su ci ba. Shi ma tsoro ke tura shi, tsoron rasa matsayi ko abin hannu. Da ya ji sauƙi kwana biyu sai ya koma da ƙarfinsa duka, ya kwanta mako guda, ya sake tashi ya maimaita. Jijiya ba ta son irin wannan hawa da sauka. Kuma faɗa ba zai gyara shi ba, sai an zauna an duba yadda za a rage aikin ba tare da an yanke masa abinci ba.

A Ingila, Rachel Chester da tawagarta sun bi mutum 1,030 da ke zuwa wurin likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa jiki, saboda ciwon kafaɗa, aka buga sakamakon a 2018. Cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai samu sauƙi akwai biyu: wanda tun farko ya sa ran warkewa sarai, da wanda ya yarda zai iya gudanar da harkokinsa duk da zafin. Waɗannan sun fi gwaje-gwajen da likita ke yi da hannu haska abin da zai faru. Amma mu yi adalci, abin ta fuska biyu yake tafiya. Wanda ya yi wata shida kafaɗa na hana shi barci, dole ransa ya ɓaci, rashin barci da damuwa kuma su ƙara kaifin zafin.

Ma'aikatan lafiya da ke zauren nan, wannan taku ce. Mara lafiya yakan manta sunan magani, amma ba ya manta ranar da aka nuna masa hoto aka ce jijiyarka ta lalace, ko ta kusa tsinkewa. Da wannan magana zai kwana, da ita zai tashi. Wallahi abin yana damuna, domin ana iya faɗin gaskiyar ba tare da an karya masa gwiwa ba: jijiyar ta gaji, an ɗora mata fiye da abin da ta saba, kuma za a iya ƙarfafa ta.

Mutum mai tsoro ma'auni yake buƙata a hannunsa. Wata mai bincike, Silbernagel, ta gwada wannan a Suwidin a 2007. Aka bar wasu masu ciwon agara su ci gaba da gudu da tsalle yayin jinya, bisa sharaɗin kada zafi ya wuce 5 a ma'aunin da 10 ce mafi tsanani, ya lafa kafin wayewar gari, kuma kada ya riƙa ƙaruwa mako zuwa mako. Wasu kuma aka dakatar da su mako shida. Duka suka samu sauƙi, kuma waɗanda suka ci gaba ba su cutu ba. Mai tsoro ya samu izinin motsi, mai gaggawa ya samu iyaka.

Akwai inda wannan magana ba ta shiga. In ka ji ƙara kamar an buge ka a bayan ƙafa, ka kasa ɗagawa a kan yatsu, ko wurin ya kumbura ya yi zafi da zazzaɓi, ko ciwon ya fara kana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin, to asibiti za ka nufa a ranar, a duba ka kafin kowane atisaye.

Na ga hannu a baya can. Malama, bismillah, muna jin tambayarki.