Waltham Cross: hasumiyar tunawa da zangon gawar Sarauniya Eleanor

Jama'a, assalamu alaikum. Ga ni a tsakiyar garin Waltham Cross, arewa da Landan. Wannan dogon ginin dutse da ke bayana ya haura shekara 700 a tsaye.

Sarauniya Eleanor 'yar Castile ta ƙasar Sifen, matar Sarkin Ingila Edward na Ɗaya, ta rasu ranar 28 ga Nuwamba 1290 a ƙauyen Harby, kusa da Lincoln. Aka ɗauko gawarta zuwa Westminster, ana tafe ana kwana a hanya. Duk inda aka yada zango, wuri 12, sarkin ya sa aka gina mata hasumiyar tunawa mai gicciye. Uku kaɗai suka rage: Geddington, Hardingstone, da wannan. A cikin Landan, ta Cheapside an rushe ta a 1643, ta Charing a 1647, lokacin yaƙin basasar Ingila. Wadda ke gaban tashar Charing Cross ginin 1865 ce, kada a ruɗe ku.

Bari in matso ku gani. Kusurwa shida gare ta, hawa uku, tana tsukewa tana yin sama. A hawa na tsakiya akwai mutum-mutumin sarauniyar guda uku, amma ba na asali ba ne. Ruwan sama da hayaƙi sun ci dutsen, shi ya sa a gyaran shekarun 1950 aka sauke na asalin aka sa kwafinsu. A ƙasa kuwa, ku dubi garkuwoyin da aka sassaƙa: tambarin Ingila, na Castile da Leon, da na Ponthieu, wani yanki a Faransa. A nan ya kamata mutum ya daɗe yana kallo.

Sai sunan. Waltham sunan iyali ne kuma, kamar yadda mutanenmu ke ɗaukar sunan garinsu, a ce wane Kano ko wane Shagari. Inda masu bin salsala ke tuntuɓe shi ne Waltham ba ɗaya ba ce a Ingila. John Waltham, bishof na Salisbury da ya rasu a 1395, daga ta Lincolnshire ya fito, ba nan ba.

Mai son zuwa ya hau jirgin ƙasa daga Liverpool Street, kamar rabin awa ne. Ku duba allo da kyau, domin Walthamstow wani wuri ne daban. Cocin Waltham Abbey kuma, ainihin inda gawar ta kwana, tana nan kusa, tsallaken kogin Lea, a Essex.