Ɗan Sanda, Lauya da Likita: Inda Kowace Hanya Take Ajiye Rariyarta

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani zama da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare da iyayensu.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

Tambayar da aka ba ni ita ce: tsakanin ɗan sanda da lauya da likita, horon wa ya fi wuya? Idan shekaru za a ƙirga, an gama magana tun ba a fara ba. Likita shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki, shekara 1 ta bautar ƙasa, takwas ke nan. Lauya 5 a jami'a, kusan 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi, 1 ta bautar ƙasa, bakwai. Kurtun ɗan sanda kuwa wata 6 ne a ɗaukar da aka yi a 'yan shekarun nan. Wannan lissafin ma na takarda ne, domin yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. To amma ƙirgen shekaru ba zai gaya muku abin da kuke bukata ba. Abin da za ku nema shi ne inda kowace hanya ta ajiye rariyarta, wato wurin da ake tankaɗe mutane. Ta ɗan sanda tana bakin ƙofa, ta likita tana tsakiya, ta lauya tana can ƙarshe.

Mu fara da ɗan sanda. Ƙofa biyu ce. Ta kurtu tana neman mai shekara 18 zuwa 25, da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi. Sai ma'auni: tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, mace 1.64, ƙirjin namiji idan ya cika shi da iska santimita 86. Ana duba ido, da magana, da tsayuwar ƙafa. Mai gwame ko shafaffen tafin ƙafa yakan koma gida ko da sakamakonsa ya fi na kowa. Wanda ya tsallake sai a tura shi kwaleji irin ta Kaduna, ko Maiduguri, ko Ikeja, ko Oji River. A can za a haɗa masa fareti, da sarrafa bindiga, da dokar laifuka, da rubuta bayani a kantar ofishin 'yan sanda, duk a cikin watannin nan. Ƙofa ta biyu ita ce Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. An kafa ta a 1988, daga baya aka mayar da ita mai ba da digiri, rukunin farko na wannan tsari ya shiga a 2013. Ta JAMB ake shiga, shekara biyar ake yi, a fita da digiri da muƙamin ASP, wato mataimakin sufuritandan 'yan sanda. Zaman bariki ne: tashin asuba, gudu, aji da kaki, babu fita sai da izini. Yaron da ba ya son a ba shi umarni kada ya nufi Wudil don ya ji akwai digiri.

Yanzu likita, kuma nan zan ɗan daɗe, don nan ne iyaye suka fi yaudarar kansu. Samun gurbi yana da wuya, gaskiya ne, saboda hukumar kula da aikin likitoci ta MDCN tana ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta horar. Sai dai samun gurbin somin taɓi ne. Shekarar farko kimiyyar da kuka sani ce aka faɗaɗa. Daga aji biyu ake shiga anatomi, da fisiyoloji, da bayokemistiri, wato ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaransu, kimanin wata 18, ana feɗe gawa ana bin jijiya ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshensu akwai jarrabawar da ɗalibai ke kira MB ta biyu. Makin ci 50 ne cikin ɗari, ba 40 ba kamar sauran tsangayoyi. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ya sake rubutawa, wanda ya sake faɗuwa ya maimaita shekara, wanda bai haye ba bayan haka a sallame shi ya nemi wani kwas, shekara uku ko huɗu sun tafi.

Me ke kayar da su? Galibi ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, ai zakarun makarantunsu ne. Sun saba da karatun daren jarrabawa, alhali wannan karatun yawansa ya fi ƙarfin mako biyu. Wanda ya bari karatun hannu da ƙafa ya tarar masa kafin a shiga na ƙirji da ciki, ba ya sake kamo ajin.

Bayan nan sai asibiti, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko na Sakkwato da Maiduguri. A yi ilimin cututtuka da na magunguna, sai ɓangaren yara da na mata da haihuwa, a rufe da cututtukan manya da tiyata da lafiyar al'umma. A nan jarrabawa kan canza kama. Za a kai ka gaban majiyyaci na gaske, ka yi masa tambayoyi, ka duba shi, ka faɗi abin da kake zargi, malami yana tsaye a kanka. Ka cinye takarda duka amma ka faɗi a gefen gado, ka faɗi darasin. Idan an gama, rijistar wucin gadi ake ba ka. Sai ka yi wata 12 kana zagaya sassa huɗu, wata uku uku, kana kwanan asibiti, babban likita yana sa hannu a kan aikinka, kafin a ba ka cikakken lasisi. Mai son zama ƙwararre, a ce likitan tiyata, zai ƙara shekara biyar ko shida da jarrabawa hawa uku. Lissafa shekarunki, ƙanwata, ki kuma zauna da iyayenki a yi maganar aure da wannan lissafin a gaba, kada a bari sai ana aji huɗu.

Lauya fa? Kuskuren farko tun daga sakandare ake yin sa: a bar Adabin Turanci. Babu kiredit a cikinsa, babu Shari'a a yawancin jami'o'i, komai yawan makin JAMB. Shekara biyar ɗin jami'a ba su da zafin na likita. Za a yi dokar tsarin mulki, da ta kwangila, da ta filaye, da ta shaida, da ta laifuka, wadda a Arewa ake kira final kod. A jami'o'i irin Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo akwai damar haɗa wannan da Shari'ar Musulunci, abin da ke da amfani ƙwarai ga mai son shari'un gado da aure. Sauƙin shekarun nan shi ne tarkon. Digirin kaɗai bai ba ka ikon tsayawa gaban alƙali ba.

Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962, tana da hedikwata a Bwari da rassa a wurare irin su Bagauda, Yola, Legas da Inugu. Darussa biyar ne: shari'ar laifi, shari'ar da ba ta laifi ba, harkar kamfanoni, harkar kadarori, da ɗa'ar sana'a. A tsakiya za a tura ka kotu da ofishin wani lauya ka ga yadda ake yi, ka riƙa rubutawa a littafi. Akwai liyafar cin abinci uku da dole ka halarta, da baƙi da fari a jiki. Sannan jarrabawa guda, a cikin kwanaki kaɗan, ta yanke hukunci a kan wahalar shekara shida. A baya makarantar ta yi suna a kan cewa darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke ja maka sakamako ƙasa, don haka kada a jingina da darasin da aka iya. Kuma ba haddace ka'ida ake tambaya ba. Za a ce rubuta takardar tuhuma, rubuta takardar neman beli, rubuta yarjejeniyar sayar da fili. Ka sa sunan kotun da ba ta da hurumi a saman takarda, maki ya zube.

Ranar da aka kira ka lauya, aka rubuta sunanka a Kotun Ƙoli, doka ta ba ka damar karɓar ƙara. Amma manyan kujeru sai an jira: shekara 10 kafin alƙalin babbar kotu ko muƙamin SAN na Babban Lauyan Najeriya, 12 Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 Kotun Ƙoli. Shekarun farko kuma, a faɗi gaskiya, ɗaukar jakar babban lauya ne da albashi kaɗan.

Bari in haɗa muku su ukun a fayil ɗaya. A ce an soki wani da wuƙa a rikicin unguwa. Wa ke fara isa? Mai horon wata shida. Shi zai killace wurin, ya ɗauki wuƙar ba tare da ya ɓata ta ba, ya sa mata alama, ya rubuta wanda ya karɓa daga hannun wa. Shi zai tuna cewa sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi kwana ɗaya ya kai wanda ake zargi kotu idan akwai kotu cikin kilomita 40, in babu kwana biyu. Shi zai san cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wato ACJA, ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ya gudu, kuma wata doka ta 2017 ta haramta azabtarwa. Likita zai ɗinke raunin, ya rubuta wurinsa da tsawonsa da zurfinsa. Da harbi ne ma, wata dokar daban ta 2017 ta ce a fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, a sanar da su daga baya. Lauya shi ne na ƙarshe, watanni bayan haka, a ofis, da littattafai a gefensa. Idan kurtu ya daki wanda ake zargi kafin ya amsa laifi, lauyan da ke kare shi zai ce ba da son ransa ya faɗa ba, a tsayar da shari'ar a binciki yadda aka ɗauki bayanin, sau da yawa a yi watsi da shi. Idan likita ya rubuta "rauni a ciki" kawai, mai gabatar da ƙara ba shi da abin da zai haɗa wuƙar da raunin.

A ganina nan ne tsarinmu ya karkace. Sabon likita yana da babba a kansa shekara guda cur, lauya yana da daren da zai buɗe littafi, kurtu kuwa a shingen hanya da bindiga a hannu daƙiƙa biyu gare shi ya yanke shawara. Ka'idar amfani da bindiga, wadda suke kira oda ta 237, an sabunta ta a 2019, amma karanta ta a aji daban, tuna ta cikin dare mutane suna ihu daban. Wata shida sun yi kaɗan ga wannan nauyi, kuma duk wanda ya shiga ta wannan ƙofa ya ɗauka cewa mafi yawan karatunsa shi zai nema da kansa.

Wani uba ya turo tambaya a takarda: ko mutum zai iya haɗa biyu? Zai iya. Rundunar 'yan sanda tana da sashen shari'a da sashen lafiya, tana ɗaukar lauyoyi da likitoci idan ta buɗe gurbin ƙwararru. Sai dai ku je yau ku duba takardun 'ya'yanku. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a NIN, da JAMB, da sakamakon WAEC ko NECO, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko 2007 a wata takarda 2008 a wata, ya isa a tsayar da yaro a wurin tantancewa a duk hanyoyin nan uku, kuma gyaran yakan ɗauki makonni alhali ranar rufe shafi ba ta jira.

Na ga an yi mini alamar la'asar ta yi. Sauran tambayoyin sai mun dawo daga masallaci.