Laccar Challenger: daren da aka ce wa injiniya ya cire hularsa

To jama'a, na baya kuna ji na? Madalla.

Ranar 28 ga Janairu 1986 kumbon Challenger ya tashi daga Florida a Amurka, daƙiƙa 73 kacal ya yi ya tarwatse, mutum bakwai ɗin da ke ciki duk suka rasu har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Amma ni daren jajibiri nake so mu tsaya a kai.

Rokoki biyu da ke gefen kumbon suna cilla shi sama, kamfanin Morton Thiokol ke ƙera su gunduwa-gunduwa, a kowace mahaɗa akwai zoben roba da ke toshe hanya kar wuta ta ɓullo. Roba kuwa kun santa, in sanyi ya kama ta sandarewa take yi. Injiniyan kamfanin, Roger Boisjoly, tun Yulin 1985 ya rubuta wa manyansa takarda cewa robar nan za ta iya jawo asarar rayuka.

Daren 27 ga wata aka yi mitin ta waya da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, injiniyoyin Thiokol suka ce kar a harba in sanyi ya yi ƙasa da digiri 53 a ma'aunin Amurka, wajen 12 kenan a namu, don ba a taɓa harbawa ƙasa da haka ba. Lawrence Mulloy na NASA ya harzuƙa, wai yaushe kuke so in harba, sai Afrilu? Dama an sha ɗaga tafiyar, kuma NASA ce mai ba da kwangila, kun gane ai.

Nan fa magana ta juye, kuma wallahi nan ne ke min ciwo. A da kai mai son harbawa kai za ka kawo hujjar cewa lafiya lau, daren nan sai aka ce wa injiniyoyi su kawo hujjar cewa zai fashe, ina za su samo ta? Manajojin Thiokol suka keɓe, babbansu Jerald Mason ya ce wa Bob Lund, shugaban injiniyoyinsu, ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Ya kuwa sa, suka amince a harba. Allan McDonald, wakilinsu a Florida, ya ce shi kam ba zai sa hannu a takardar amincewar ba, wani manajansu Joe Kilminster ya sa.

Da safe aka harba, sanyi digiri 36 a ma'aunin Amurka, wajen 2 a namu, ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiya.

Daga baya a zaman kwamitin bincike masanin kimiyya Richard Feynman ya matse guntun irin robar ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara, ya ciro ya saki a gaban kyamara, ba ta koma yadda take nan take ba.

An kira sallah, tambayoyi sai mun dawo.