Lasisin Masu Kula da Tsofaffi a Gida: Wa Ke Biyan Sufeto a Kalifoniya?

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Rabi ce, ga Malam Nura, ga kuma ƙanina Bashir. Yau Amurka muka nufa, jihar Kalifoniya, kan wata sana'a da 'yan Afirka ta Yamma da yawa ke ci da ita a ƙasar: ka je gidan tsoho ko mai lalura, ka yi masa wanka, ka dafa, ka kai shi banɗaki, ka tuna masa lokacin shan magani. Malam, wa ke ba kamfanonin nan izini?

Nura: Wa alaikumus salam, Hajiya. A can aikin kashi biyu ne. Akwai na ma'aikatan jinya, masu allura da wankin ciwo. Wannan a Kalifoniya ma'aikatar lafiya ke ba shi lasisi, in kuma kamfanin yana karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi, gwamnatin tarayya ma tana da hannu, dole a je a duba shi aƙalla sau ɗaya cikin watanni 36. Sai kashi na biyu, wanda kika faɗa, na wanka da girki da zaman jiran tsoho. Shi tarayya ta bar wa jihohi, kowace da nata tsarin.

Bashir: To kafin dokar Kalifoniya ta zo, yaya ake yi?

Nura: Takardar rajistar kasuwanci kawai, irin ta mai shago. Ka buga kati, ka ɗauki mutane, ka fara tura su gidajen jama'a. Sai a 2013 majalisar jihar ta zartar da ƙudurin da ake kira AB 1217, na 'yar majalisa Bonnie Lowenthal, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2016. Aka ba ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jihar alhakin lasisin.

Rabi: Me dokar ta ce a kawo?

Nura: Kamfani sai ya nuna inshorar aƙalla dala miliyan 1 kan kowane haɗari, da jinginar dala 10,000 saboda sata ko ha'incin ma'aikaci, da inshorar rauni a wurin aiki. Shi kuma ma'aikaci a ɗauki zanen yatsunsa a binciki tarihinsa, a yi masa gwajin tarin fuka, a sa sunansa cikin rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet. Sannan horon awa 5 kafin ya fara.

Bashir: Awa nawa?

Nura: Biyar. Biyu na sanin aiki, uku na kiyaye lafiya. Sai wasu biyar duk shekara.

Bashir: Malam, mutumin da zai ɗaga tsohuwa daga gado zuwa keken guragu fa! Awa biyar ai ko yini ɗaya ba ta cika ba.

Rabi: Ka yi haƙuri Bashir, za mu zo nan. Ni kuɗin ne ya dame ni. Ofishin da ke wannan aiki, daga ina albashinsa ke fitowa?

Nura: To nan ne gizo ke saƙar. Dokar ta tsara cewa ofishin ya riƙe kansa da kuɗin lasisi. Kamfani ya biya sama da dala 5,000 duk shekara biyu, ma'aikaci ya biya dala 35 na rajista, a zuba a wani asusu na musamman. Da rance daga baitulmalin jiha ma aka tayar da ofishin, da niyyar kuɗin lasisi ya biya daga baya.

Bashir: Ni ban ga laifin haka ba, Yaya. Mai cin riba shi ya biya kuɗin duba shi. Don me za a ɗauki harajin direban bas a biya wa kamfani?

Rabi: A fatar baki yana da daɗi. Amma ka lissafa. Abin da ke shigowa ya dogara ne da yawan kamfanonin da suka zo suka biya. Abin da ke fita kuwa ya dogara da yawan ƙorafi, da albashin sufetoci, da lauyoyin da za su tsaya in an ƙwace lasisi mai shi ya ɗaukaka ƙara. Waɗannan biyun ba tare suke tafiya ba. Albashi yana hawa duk shekara, kuɗin lasisi kuwa sai an yi dogon zama kafin a taɓa shi.

Nura: Ga kuma wanda ya fi ci min rai: masu aiki ba lasisi. Ba su biya ko sisi ba, amma bin sawunsu shi ya fi cin kuɗi. Ke nan wanda ya bi doka shi ke biyan kuɗin farautar wanda ya ƙi bi.

Bashir: Sai a ƙara kuɗin lasisin mana.

Nura: Ka ƙara, babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ko a jikinsa. Matar da ta tara 'yan kuɗinta ta buɗe ƙaramin kamfani da mutum shida, ita za ta ji. Ko ta rufe, ko ta koma aiki a ɓoye, ko ta ɗora wa tsofaffin. Yawancin wannan aikin kuma iyali ke biya daga aljihunsu, don Medicare ba ta biyan zaman kula da tsoho na dogon lokaci.

Rabi: Bari in tambayi abin da mai sauraro zai tambaya. Sufeton nan, gidan tsohuwar yake zuwa?

Nura: Ofishin kamfani yake zuwa, Hajiya, ba tare da sanarwa ba. Ya buɗe fayil, ya ga takardar gwaji, ya ga ta horo, ya ga inshora. Abin da ke faruwa a ɗakin tsohuwa da ƙarfe biyun dare ba ya cikin fayil.

Bashir: Amma na ji akwai manhajar waya da ke nuna ma'aikaci ya je.

Nura: Akwai. Wata dokar tarayya ta 2016 ta wajabta wa jihohi ita a aikin da Medicaid ke biya, wato shirin lafiya na gwamnati ga marasa hali. Tana nuna lokacin shiga, da lokacin fita, da wurin. An yi ta ne don hana cin kuɗin aikin da ba a yi ba. Ba ta san ko an ciyar da mutum ko an daka masa tsawa ba.

Rabi: Sannan dokar lasisin nan ta Kalifoniya ba kowa ta kama ba ko?

Nura: Ba kowa ba. Shirin jihar mai suna IHSS, wanda gwamnati ke biyan ɗan uwa ko maƙwabci ya kula da marar hali, yana da dubban ɗaruruwan ma'aikata, kuma shi ƙananan hukumomi ke tafiyar da shi da nasa tsarin. Wanda iyali suka ɗauka kai tsaye ma, rajista ganin damarsa ce.

Bashir: To ni har yanzu ina kan bakana, kamfani ya biya. Sai dai a yi shi gwargwadon girma, mai ma'aikata 500 kada ya biya daidai da mai 6.

Rabi: Wannan na yarda. Amma gwamnatin da ta karɓi kuɗi ta buga hatiminta a takarda, ta gaya wa iyali su kwantar da hankali ke nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In kuɗin lasisi bai kai a tura sufeto bin ƙorafi ba, sai baitulmali ya cike giɓin, kamar yadda yake biyan 'yan kwana-kwana ba tare da jiran wanda gidansa ya ƙone ya biya ba.

Nura: Sai ki shawo kan majalisar da ke da giɓin kasafi.

Rabi: Wannan kuma aikin 'yan majalisa ne a Sakramento, babban birnin jihar. Bashir, lokaci ya ci mu, maganar awa biyar ɗinka sai mako mai zuwa. Mu kwana nan.