Intanet Mai Sauri a Amurka: Hukumar Gari Ko Kamfani?

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama. Maganata ta yau a kan wata muhawara ce da ta daɗe tana gudana a Amurka: shin ya dace hukumar gari ta ci bashi da sunan jama'a ta shimfiɗa wayoyin intanet, ko kuwa a bar wa kamfanoni masu zaman kansu wannan aiki?

Bari in fara da Chattanooga a jihar Tennessee. Garin yana da hukumar lantarki tasa ta kansa, EPB, tun 1935. Da hukumar ta yi niyyar shimfiɗa wayoyin fiba, wato wayoyin gilashi masu ɗaukar intanet da sauri, kamfanin Comcast mai sayar da intanet da talabijin ya kai ta kotu a 2008, amma bai yi nasara ba. Ta samu tallafin kimanin dala miliyan 111 daga Ma'aikatar Makamashi ta tarayya, ta haɗa da bashin da ta ci, kuma a 2010 ta fara sayar da intanet mai gudun gigabit ɗaya a daƙiƙa, wato mai matuƙar sauri, ga duk gidan da ke yankinta. Abin da nake so ku riƙe shi ne, EPB ba baƙuwar aikin ba ce, domin turakun nata ne, ma'aikatan da ke hawa su nata ne, kuma ta shekara da shekaru tana karɓar kuɗin wuta gida-gida. Wayoyin ma aiki biyu suke yi, domin su ne ke ba na'urori damar gano inda layin lantarki ya lalace su karkatar da wuta ta wata hanya.

Masu adawa kuma suna da hujjar da ba za a raina ba. Garin Provo na jihar Utah ya ci bashin kusan dala miliyan 39 ya gina tsarin intanet nasa mai suna iProvo, kuɗin shiga suka kasa ɗaukar nauyin bashin, har a 2013 aka sayar wa Google da tsarin a kan dala ɗaya tak, mazauna garin suka ci gaba da biyan bashin wata-wata, har da waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba. Wannan zalunci ne ga talaka, ba na musu. Sai dai a tuna cewa dokar Utah ta sa Provo ta dogara da wasu kamfanoni wajen sayar wa jama'a intanet, wato ta ɗauki bashi amma ciniki yana hannun wasu.

Ra'ayina shi ne, garin da ke da hukuma mai ƙwarewa, wanda zai bayyana wa jama'a lissafinsa tun farko, bai kamata a ɗaure masa hannu ba, musamman inda kamfanoni suka ƙi zuwa saboda gidaje sun yi nisa da juna, riba ba ta da yawa. Amma dokar Tennessee ta hana EPB fita daga yankin da take bai wa wuta. A 2015 hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, ta yi yunƙurin soke wannan shinge, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe matakin a 2016, tana cewa hukumar ba ta da wannan hurumi. A 2017 majalisar jihar ta ba ƙungiyoyin gama-kai na lantarki izinin sayar da intanet, amma ta bar EPB a cikin iyakarta, ko da yake mutanen karkarar da ke maƙwabtaka da ita sun nemi ta zo musu.